Abota da Gasa a Gajerun Labaran Hausa: Nazarin Kwatanci a Kan Magana Jari Ce da Maƙwabtansa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta yadda jigon abota da jigon gasa suke cuɗanya a wasu gajerun labarai da Hausawa suka daɗe suna karantawa ko saurare, domin a gano abin da ke sa wata abota ta ɗore duk da gasar da ke cikinta, wata kuma ta watse. An saba ɗaukar jigogin nan biyu tamkar ba sa ga maciji da juna, wato da zarar gasa ta shigo sai abota ta fita. Maƙalar tana da'awar cewa labaran ba su goyi bayan wannan fahimta ba. Abin da ke yanke wa abota hukunci a cikinsu shi ne irin gasar da aka yi: ko an yi ta a sarari, kowa ya san abokin karawarsa kuma yana da damar ramawa, ko kuwa an yi ta a ɓoye, ɗaya yana ƙulle-ƙulle ɗayan yana barci da amana.

Ginshiƙin nazarin shi ne Magana Jari Ce, littafi mai juzu'i 3 da labarai kimanin 80, wanda Abubakar Imam (1911–1981) ya rubuta a Zariya a 1936, lokacin da Rupert East ya ɗauko shi daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Hukumar Talifi, aka kuma fara buga shi a 1937. An jingina masa wasu sassa na Ruwan Bagaja, da babi biyu na Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Gizo guda biyu waɗanda ake yi daga Zazzau har Maraɗi, domin a ga ko abin da aka gani a hannun Imam nasa ne shi kaɗai ko na gida ne.

2.0 Waiwaye a kan ayyukan magabata

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan Magana Jari Ce ya karkata ne ga tarihi da tushe. Yahaya (1988) a Hausa a Rubuce ya bi diddigin hukumomin da suka raini rubutun boko, tun daga Hukumar Fassara da Hukumar Talifi har zuwa Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC, ya ajiye Imam a gurbinsa cikin wannan tafiya. Skinner (1980) da Furniss (1996) sun gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a sahun farko na ƙagaggun labaran Hausa. Malumfashi (2009) a Adabin Abubakar Imam, haka kuma Abdalla Uba Adamu a maƙaloli da dama, sun nuna rijiyoyin da Imam ya ɗebo ruwa: Alfu Laila wa Laila, da labaran ƴan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, da tsohon labarin aku mai hira na Indiya da Farisa, da sauransu. Wannan aiki ya kawar da ruɗani mai yawa, sai dai tambayarsa ita ce "daga ina", ba "me aka yi da shi" ta fuskar jigo ba.

A ɓangaren nazarin jigo kuwa, tsarin da Ɗangambo (1984) da waɗanda suka biyo bayansa suka shimfiɗa ya zama abin dogaro a sassan Hausa na jami'o'i. Amfaninsa a fili yake, amma yadda ɗalibai kan yi aiki da shi ya haifar da wata al'ada: a ɗauki labari, a lanƙaya masa jigo guda, gargaɗi ko wa'azi ko nishaɗi, a wuce. Da wannan awo, labarin kyanwa da ɓera da labarin jaki da sa, waɗanda za a gani a gaba, duk "gargaɗi" ne, alhali abin da ya faru tsakanin abokan a cikinsu ya sha bamban ƙwarai.

Masana zamantakewa su ne suka fi kusantar batunmu, ko da yake ba adabi suka sa a gaba ba. Mary Smith (1954) ta rubuta rayuwar Baba ta Karo daga bakinta a ƙasar Zazzau, inda ƙawance ya fito a matsayin alaƙa mai ƙa'ida da hakkoki, ba shaƙuwa kurum ba. Kirk-Greene (1974) ya jera amana cikin siffofin mutumin kirki tare da gaskiya da karamci da kunya. Nicolas (1986) da Cooper (1997), waɗanda dukansu a yankin Maraɗi suka yi bincike, sun yi bayanin buki, wato musayar kyauta a lokacin aure da suna, inda wadda aka kai wa take mayarwa da ƙari idan nata ya zo. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga hujjarmu, domin buki gasa ce da ake yi a gaban idon jama'a, kuma ita ce igiyar da ke ɗaure ƙawance.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar kwatancin jigo. Sharaɗin zaɓen labari shi ne a sami taurari biyu ko fiye da suke zaman abokai ko suke kiran juna da haka, sannan a sami abu guda da dukansu ke so, ko mulki ne, ko suna, ko abinci, ko hutu. An tambayi kowane labari shin kowane ɓangare ya san ana gasa da shi, shin wanda aka kayar yana da hanyar ramawa, sannan ina abotar ta kwana a ƙarshe. Don sauƙin bayani an ƙirƙiri kalmomin fannu kaɗan. Gasar sarari ita ce wadda mai yin ta yake bayyana kansa, ko kafin karawa ko bayanta. Gasar ɓoye ita ce wadda mai yin ta yake ci gaba da sanye da rigar aboki har ya cim ma burinsa. Ƙofar ramuwa kuwa ita ce damar da labari ya bar wa wanda aka kayar ta ya sake gwada sa'arsa. Uwar labari ita ce babban labarin da ya goya ƙanana a bayansa.

4.0 Nazari

4.1 Uwar labarin Magana Jari Ce

Tun kafin a shiga ƙananan labaran, uwar labarin ta riga ta raba gasar gida biyu. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai jika, Mahmudu, ɗan ƴarsa, daga baya aka haifa masa Musa. Duk wanda ya san tarihin gidajen sarauta a ƙasar Hausa ya san abin da irin wannan zama kan haifar: samari biyu tsararrakin juna, gida ɗaya, gadon sarauta ɗaya. Imam ya ƙi bin wannan hanya. Ya mai da su aminai, har shaƙuwarsu ce ke jan juzu'in farko gaba ɗaya, domin abin da ke tayar da Musa kowane dare da shirin fita shi ne ya bi Mahmudu fagen fama, wani aku kuma ya tsare shi da labari har gari ya waye. Mai neman sarautar na gaskiya shi ne Waziri, mutumin da aka bar wa amanar gari, wanda ya haɗa baki da abokan gaba, mutanen Sinari, yana kuma faɗuwa gaisuwa kamar kowa. Waziri bai taɓa cewa yana takara ba, kuma da dabararsa ta ci, Musa ba zai sami ranar ramawa ba. Wannan ita ce gasar ɓoye a cikakkiyar siffarta, kuma labarin ya hallaka mai yin ta, ya miƙa rawaninsa ga akun.

Juzu'i na 2 ya juya al'amarin. A nan ma akwai ƙasashe biyu da girman kai na sarakuna, amma an mai da karawar ta zama ta baki: Waziri Aku da Haziƙ, akun Sarkin Sirika, suna ba da labari bi da bi a gaban sarakuna da jama'a, kowa yana jin na abokin karawarsa kafin ya kawo nasa. Akwai ƙa'ida, akwai shaidu, akwai hukunci. Haziƙ ya sha kaye, amma suna ya rasa, bai rasa kansa ba. Ya kamata a lura cewa kusan duk labaran juzu'in ƴaƴan wannan gasa ne, ma'ana gasar sarari a nan haihuwa take yi, kowane labari yana kiran wanda zai fi shi. A juzu'i na 3 kuwa, inda Aku ke horar da ɗansa Fasih, gasar ta sauko ta zama koyarwa da jarrabawa. Ba abin mamaki ba ne marubucin da gasar rubutu ta 1933 ta fito da shi, tare da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Gwarzo da John Tafida, ya kalli gasa mai alƙali da idon rahama.

4.2 Ramuwa a matsayin igiyar abota

Ruwan Bagaja ba gajeren labari ba ne, amma zubinsa na aukuwa bayan aukuwa ne, irin na Maƙamat Hariri, kowace aukuwa tana iya tsayawa da ƙafarta, don haka ya halatta a shigo da shi nan. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman sun bi gari gari suna jefa juna cikin masifa: wannan ya sa a ɗauki wancan mahaukaci, wancan ya jawo wa wannan duka ko ɗauri. In da za a auna abota da yawan alheri, waɗannan biyu maƙiya ne. Amma akwai wata ƙa'ida da ba su taɓa karyawa ba. Bayan kowace ƙeta, mai yin ta yakan bari a gane shi, ya tuna wa ɗan'uwansa laifin da ake ramawa da garin da aka yi shi. Dabarar a ɓoye ake ƙulla ta, amma mai ita ba ya ɓuya. Sannan ba wanda ya kai ƙetarsa inda za ta rufe ƙofar ramuwa. Kullum akan bar wanda aka kayar da ransa da ƙafafunsa, ya je ya shirya tasa. Da aka yi ta haka har kowa ya san nauyin ɗan'uwansa, sai suka sasanta. Abotar da suka ƙare da ita daga cikin gasar ta tsiro, domin ta nan ne kowannensu ya tabbatar cewa ya gamu da daidai da shi.

Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa ta Nijar a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, ɗan kokowar da ya sha ƙasa yakan tashi ya rungumi wanda ya kayar da shi, saboda an kayar da shi ne a fili, a gaban alƙali, kuma baɗi tana nan. Da a hanyar gida aka yi masa kwanton ɓauna, da magana ta zama wata.

Irin wannan tsari ne a labarin "Karen Bana Shi Ke Maganin Zomon Bana" na Magana Jari Ce, inda ɓarayi ke gwada gwaninta a junansu: ɗaya ya hau itace ya sace ƙwai a ƙarƙashin tsuntsuwa ba ta farga ba, ɗayan ya zare masa wando yana can sama shi ma bai farga ba. Da wani abokinsu, Nomau, ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya bar sana'ar, sai tsofaffin abokansa suka biyo naman da ya ajiye, aka kwana ana sace shi ana ƙwatowa. Abin lura shi ne naman ba shi ne ainihin abin da ake nema ba. Abin da kowa ke so shi ne ɗan'uwansa ya sallama masa cewa ya iya, kuma ba a samun wannan sallamawa sai an bayyana wanda ya yi aikin. Gasar da ladanta yabo ne daga bakin abokin karawa dole ta zama ta sarari, ko da ɓarayi ne ke yin ta.

4.3 Ɓera biyu, makoma biyu

A nan ne kwatancin ya fi ba da haske, don haka za a ɗan daɗe. "Labarin Kyanwa da Ɓera" na juzu'in farko ya samo ƙashin bayansa daga tarin labaran Grimm, wanda ya fara fitowa a Jamus a 1812. Kyanwa da ɓera sun ƙulla zaman tare, sun yi ajiyar abinci don ranar wuya. Kyanwa ta riƙa fakewa da cewa an gayyace ta suna, tana zuwa tana taɓa ajiyar har ta ƙare. Ranar da ɓera ya ga wayam ya fara haɗa lissafi, bai rufe baki ba ta haɗiye shi. Fassarar da aka fi yi wa labarin ita ce "sai hali ya zo ɗaya ake abota", wato laifin na rashin daidaito ne: mai ci da abin ci ba sa zama inuwa ɗaya. Wannan fassara tana da ƙarfi, kuma da labarin shi kaɗai ne a gabanmu da sai a karɓe ta.

Amma Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci daga tsohon Farisanci a ƙarni na 8, kuma malaman zaure suka daɗe da saninsa, yana da wani ɓera. A babin kurciya mai sarƙa, hankaka ya ga yadda ɓera ya gaigaye ragar maharbi ya kuɓutar da kurciyoyi, sai ya zo bakin raminsa neman abota. Ɓeran bai fito ba. Daga cikin rami ya gaya masa cewa tsakaninsu akwai gaba ta asali, shi abinci ne, hankaka mai ci. Hankaka bai musa ba. Ya amsa cewa haka ne, sannan ya kawo hujjar cewa amfanin abotar ya fi masa loma guda. Sai da aka baje wannan magana a faifai kafin ɓera ya fito. Abotar ta ɗore, ta haɗa da kunkuru da barewa, har ranar da maharbi ya kama kunkuru, barewa ta yi kamar ta ji rauni ta janye shi, ɓera ya yanke igiya. Rashin daidaiton da ke tsakanin hankaka da ɓera bai gaza na kyanwa da ɓera ba. Bambancin shi ne ɗaya an faɗi haɗarin kafin a ƙulla, ɗayan an rufe shi da daɗin baki. Saboda haka daidaiton ƙarfi yana taimakawa, kamar yadda aka gani ga Imam da Zurƙe, amma ba shi ne sharaɗi ba. Sharaɗin shi ne bayyanawa.

Babin zaki da sa na wannan littafi ya ƙara tabbatar da haka ta wata fuska. Dila Dimna shi ya kawo sa fadar zaki, da ya ga sun shaƙu har an manta da shi sai ƙyashi ya kama shi. Bai fito ya ce yana neman matsayinsa ba. Ya je wa zaki a rigar mai nasiha, ya je wa sa a rigar aboki, ya gaya wa kowa cewa ɗayan na shirin kashe shi, har zaki ya kashe amininsa. Dimna da Wazirin Sarki Abdurrahman tagwaye ne ta fuskar aiki, kuma dukansu tonon asiri ne ya kai su ƙasa. A irin waɗannan labarai bayyanar gaskiya takan zo a makare, bayan an rufe ƙofar ramuwa ko ana gab da rufe ta, shi ya sa take zuwa da hukunci maimakon sulhu.

4.4 Inda ma'aunin ya yi rawa

Ba kowane labari ne ya zauna daram a kan wannan ma'auni ba. "Labarin Wani Jaki da Sa" na Magana Jari Ce, wanda asalinsa ke cikin farkon Alfu Laila, ya fara da abota ta gaskiya: jaki ya ga sa yana shan wahalar aiki, ya ba shi shawarar ya yi ciwon ƙarya. Mai gida ya ɗora wa jaki aikin. Da jaki ya ɗanɗana, sai ya gane cewa hutun guda ɗaya ne, in sa ya samu shi ya rasa, ya dawo ya tsorata sa da cewa za a kai shi ga mahauta in bai warke ba. Wannan gasar ɓoye ce, sa bai san an yi da shi ba, amma ba a yi jini ba, kuma a zahiri abotar ba ta watse ba. Abin da za a iya cewa shi ne jaki bai nemi abin sa ba, gurbinsa na da kawai ya ƙwato, kuma asarar da sa ya yi ba ta wuce komawa inda yake ba. Duk da haka mai karatu ya san abin da sa bai sani ba, wato shawarar jaki daga yau ba abin dogaro ba ce. Abotar ta rage ga suna. Wannan amsa ba ta kai ƙarfin ta sassan baya ba, kuma ya fi kyau a bar labarin a matsayin na kan iyaka da a matse shi ya shiga inda bai dace ba.

Gizo kuwa matsalarsa daban ce. A tatsuniyar giwa da dorina ya ƙalubalanci kowacce da jan igiya, ya ɗaura musu bakin igiya ɗaya, suka yini suna ja kowacce tana zaton da Gizo take yi. Ya ari siffar gasar sarari ya yi gasar ɓoye da ita, kuma ya tsira. A tatsuniyar hankaki sun ara masa gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa ya riƙa hana su, suka karɓe gashinsu suka bar shi a can. Wani lokaci yakan sha wuya, wani lokaci yakan kuɓuta, don haka ba za a ce tatsuniya kullum tana hukunta mai gasar ɓoye ba. Abin da ba ya canzawa shi ne Gizo ba ya fita daga tatsuniya da abokin da ya shiga da shi. Da'awar maƙalar a kan makomar abota take, ba a kan sakamakon mugu ba, kuma ta wannan fuska Gizo shaida ne a gare ta.

5.0 Suka da amsa

Suka mafi nauyi ita ce ta aro. Tun da an tabbatar cewa yawancin labaran daga Jamus da Bagadaza da Indiya suka zo, da wane dalili za a karanta tunanin Bahaushe a cikinsu? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, maƙalar ba ta ce wannan rabo na sarari da ɓoye mallakar Hausawa ne su kaɗai ba. Kasancewarsa a Kalila wa Dimna ma ya nuna ya girmi rubutun boko da ƙarnoni. Ta biyu, aro ba ya hana zaɓi. Imam yana da ɗaruruwan labarai a gabansa, ya ɗauki wasu ya bar wasu, ya kuma gina musu uwar labari wadda ta sa maci amana a juzu'in farko da abokin gasa a na biyu. Tsohon labarin akun da ya aro, hira ce ta hana matar aure fita wurin masoyi. Mai da shi hirar hana ɗan sarki faɗawa tarkon Waziri aikin Imam ne. Sannan karɓuwar da littafin ya samu a makarantu da gidajen rediyo shekara da shekaru tana nuna cewa masu karatu sun ga abin da suka sani a cikinsa.

Abin da suka sani ɗin kuwa yana nan a zamantakewa. Wasan taubasai, tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Kanawa da Zazzagawa, gasa ce ta baki wadda kowa ke cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa, a bainar jama'a, kuma an hana fushi. UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2014 saboda rawar da take takawa wajen kashe husuma. Harshen ma ya raba: ana cewa abokin wasa, abokin karawa, abokin hamayya, har abokin gaba, duk da "aboki" a gaba, amma mahassadi da munafuki ba a ba su wannan matsayi.

Suka ta biyu ita ce, me ya hana a tsaya ga tsohon bayani cewa jigon duka shi ne amana da cin amana? Gaskiya ne amana tana tsakiyar al'amarin, amma ita kaɗai ba ta bayyana Imam da Zurƙe ba, waɗanda ba su taɓa ba juna amana ba balle a ci, kuma suka ƙare abokai. Ba ta kuma bayyana dalilin da ya sa ƙetar Zurƙe ke ba da dariya, ta kyanwa kuma ke ba da tsoro, alhali duka yaudara ce. Ma'aunin bayyana kai da ƙofar ramuwa yana raba su. Suka ta uku, cewa labaran da aka ɗauka kaɗan ne cikin 80, karɓaɓɓiya ce. An zaɓe su ne bisa sharaɗin da aka faɗa a sashe na 3.0, kuma gwada ma'aunin a kan sauran aiki ne da ke jiran mai yi.

6.0 Giɓin mata

Akwai wurin da rubutattun labaran nan suka yi shiru. Kusan duk abokan da aka nazarta maza ne ko dabbobi. Inda mata suka fito da gasa a tatsuniya, kamar labaran Bora da Mowa, kishi ne na gidan miji, inda alƙalin, wato maigida, ya riga ya karkata, wadda aka danne kuma ba ta da ƙofar ramuwa sai ta hannun ƴarta ko taimakon aljanu. Ma'aunin maƙalar yana hasashen cewa abota ba za ta tsiro a irin wannan fage ba, kuma ba ta tsirowa. Amma ƙawancen da Baba ta Karo ta bayyana, da bukin da Nicolas da Cooper suka gani a Maraɗi, suna nuna cewa mata suna da tasu gasar sarari mai ƙa'ida da lissafi, wadda ke riƙe zumunci shekaru da dama. Wannan ɓangare bai sami gurbi a Magana Jari Ce ba.

Kayan aikin cike giɓin suna kusa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta tara gajerun labarai masu yawa daga alƙalamin mata, kuma har yanzu akwai tsofaffi a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, da Tsibiri, da Jiratawa, masu riƙe da tatsuniyoyin da ba su shiga tarin tatsuniyoyin Hausa na Edgar na 1911 zuwa 1913 ba. Ana kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tare da takwarorinsu na Jami'ar Ahmadu Bello, su naɗi waɗannan tatsuniyoyi daga bakin masu su, su ware waɗanda ƙawaye ne taurarinsu, sannan a gwada ma'aunin sarari da ɓoye a kansu.